R/T ko Scat Pack: wace Charger ce ta dace da mai iyali da ke son mota mai ƙarfi?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara na zo nema kafin in aikata abin da zan dawo ina cizon yatsa. Shekara takwas ke nan ina tare da 'yar ƙaramar motata mai silinda huɗu, ba ta taɓa ba ni kunya ba, sai dai yara sun girma, kujerar baya ta yi musu kaɗan. Ni kuma ba zan ɓoye muku ba, tun ina saurayi raina yake son mota mai ƙarfi. Idona ya tsaya a kan Dodge Charger ta hannu. Biyu na gani: R/T mai inji lita 5.7 ƙirar 2020, da Scat Pack mai lita 6.4 ƙirar 2019. Scat Pack ɗin ta fi cin maleji, amma da aka tayar da ita sai da ƙirjina ya amsa. Ni ke kai yara uku makaranta kullum, sannan ina yin doguwar tafiya sau biyu ko uku a wata. Wacce zan ɗauka, kuma me ya kamata in duba?

Ɗan Totur:
Yaya, ai wannan ba tambaya ba ce. Scat Pack mana! Ƙarfin doki 485 ake magana, ita R/T 370 gare ta. In ma aljihu zai ɗauka ka ƙara kaɗan ka ɗauko Charger Hellcat, doki 707, a wuce wurin. Mutum sau ɗaya yake rayuwa.

Kawu Direba:
Wa alaikumus salam Baban Ilham. Kai kuma Ɗan Totur, ai saboda sau ɗayan ne ake lallaɓa ta. Ɗana, kafin a shiga lissafin dawaki, faɗa mini: ka taɓa tuƙa motar da tayoyin baya ke tura ta?

Baban Ilham:
A'a Kawu. Duk motocin da na riƙe masu jan gaba ne.

Kawu Direba:
To ka ga inda maganar take. Mai jan gaba, in ka cika mata totur a kwana, hancinta ne zai ƙi juyawa, kana ɗaga ƙafa ta dawo hayyacinta. Mai turin baya kuwa, gindinta ne zai fita, ka ga kanka kana kallon inda ka fito. In ƙasa ta jiƙe abin ya fi muni. Duk biyun da ka ambata baya suke turawa. A waɗannan shekarun, Charger ɗin farar hula da ke ja da ƙafa huɗu, mai silinda shida ce kawai. Ban ce kada ka saya ba, na ce ka san hannunka zai koma makaranta.

Injiniya:
Maganar Kawu dutse ce. Amma bari in ba wasu mamaki: ni Scat Pack zan zaɓa, kuma ba don dalilin Ɗan Totur ba.

Mutane suna ɗauka bambancin motocin nan doki 115 ne kawai. Ba haka ba ne. Kowacce cikinsu nauyinta ya kusa tan biyu, tsawonta ya ɗan haura mita biyar. Tayar da tan biyu da gudu ba wuya, kowane babban inji zai yi. Tsayar da shi ne aiki. Scat Pack tana zuwa da birkin kamfanin Brembo mai fistin huɗu a gaba, faifan birkin ya fi faɗi, ƙafafunta sun fi tauri, kuma aksul ɗin bayanta irin wanda ke hana taya ɗaya yin ta walagigi ita kaɗai ne. Masu faɗin jiki, waɗanda ake kira Widebody, fistin shida ne birkinsu, tayarsu kuma faɗin milimita 305. Wato kamfanin da ya ƙara ƙarfi, ya ƙara linzami. R/T ma tana gudun da ya isa ya halaka mutum, tana kai kilomita 100 cikin daƙiƙa biyar da 'yan kai, amma kayan tsayawarta ba su kai na yayarta ba.

Ga lissafin da nake so kowa ya riƙe. Ƙarfin da birki zai kashe ba ya tafiya daidai da gudu, ninkin gudu sau kansa yake bi. Daga kilomita 100 zuwa 140 a awa, ka ƙara kashi 40 cikin ɗari na gudu, amma aikin birki ya kusa ninka biyu. In ka ninka gudu biyu, nisan tsayawa ya ninka huɗu. A kan 100 kana cin mita kusan 28 kowace daƙiƙa, a kan 160 kuwa mita 44. Wanda ya kalli wayarsa na daƙiƙa biyu a kan 160 ya wuce kusan tsawon filin ƙwallo ido rufe.

Oga Makanike:
Injiniya ranka ya daɗe, a takarda ka yi gaskiya, amma a nan za mu raba hanya. Birkin nan da kake yabo, cinyewa yake yi, kuma ranar canja shi mai mota zai san Brembo ya saya. Faifai da fad ɗinsa ba kuɗin na R/T ba ne ko kusa. Taya mai inci 20 mai laushin roba tana kama ƙasa kamar danƙo, amma laushin nan shi ne ajalinta, ba ta daɗewa. Abin da ke biyo baya na sha gani a manyan motoci iri-iri: mutum ya sayi motar da ƙyar, lokacin canjin taya ya zo, ya je ya ɗaura mafi araha. To ina amfanin birki mai fistin shida a kan tayar da ba ta riƙe ƙasa? Birki taya yake tsayarwa, taya ce ke tsayar da mota. R/T mai sababbin tayoyi masu kyau ta fi Scat Pack mai sanƙon taya tsayawa, ko a gaban wa zan faɗa.

Injiniya:
Ban musa ba Oga. Amma ka ga ka sauya tambayar. Kai kana auna mai motar ne, ni ina auna motar.

Oga Makanike:
Ai ba a raba su. Motar ba ita za ta kai kanta gareji ba.

Maman Sadik:
Ku yi haƙuri in tsoma baki, na ga kun manta da mutum uku a cikin labarin nan. Baban Ilham, shekarun yaran nawa? Domin girman mota a waje daban, zaman baya daban. Charger tana da wurin miƙe ƙafa, tsakanin tayar gaba da ta baya ya haura mita uku, amma rufinta ya zubo ta baya don a yi mata siffar 'yar tsere. Dogon mutum sai ya sunkuya zai shiga. Sannan tunda baya take turawa, akwai tudun ƙarfen da ke kai juyi baya, ya ratsa tsakiyar ƙasan motar. Wanda ya zauna a tsakiya sai ya raba ƙafa. In akwai mai kujerar jarirai a cikinsu, ka tafi da kujerar ranar gwaji ka ɗaura ta, ka ga ko sauran biyun za su samu wuri. Gilashin baya ma ƙarami ne, ka gwada yin ribas ka ga me kake iya gani.

Ni da za a bi tawa, da ka leƙa Chrysler 300. Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya da Charger, a masana'anta ɗaya aka ƙera su a Brampton ta ƙasar Kanada, akwai mai inji 5.7 ɗin ma, amma rufinta a miƙe yake, tafiyarta ta fi laushi.

Baban Ilham:
Na gode Maman Sadik. Sha uku, goma, da shida. Babbar ta kusa kamo mahaifiyarta a tsawo. Wallahi ban ko zauna a baya ba da na je gani, ina can ina sauraren salansa.

Maman Sadik:
Haka kuke ai. Ka koma da su, su za su faɗa maka gaskiya, ba su san kara ba.

Ɗan Totur:
Anti, Chrysler 300 ai motar tsofaffi ce.

Kawu Direba:
Yaro, tsofaffin ma sun taɓa zama samari, sun dai iso ne. Kuma ka je ka bincika, a shekarar ƙarshe, 2023, sun fitar da 300C mai injin 6.4 ɗin nan da kake wa kirari, doki 485 cif.

Mai Lissafi:
Ni ɓangaren mai zan taɓa, tunda kowa ya kauce masa. Alkaluman hukumar kare muhalli ta Amurka, in aka juya su zuwa kilomita: mai silinda shida lita 3.6 tana yin kusan kilomita 8 a lita ɗaya cikin gari, kusan 13 a babbar hanya. R/T kusan 7 cikin gari, 10 da rabi a hanya. Scat Pack 6 da 'yan kai cikin gari, 10 a hanya. Hellcat wajen 5 cikin gari. Tankin lita 70 ne.

Za ka ce ai R/T da Scat Pack ba su da wani nisa. Haka ne a gwajin hukuma, inda ake tuƙi kamar an ɗauko ƙwai. Amma wa zai sayi doki 485 ya riƙa lallaɓawa? Sannan ba irin mai ɗaya suke sha ba. Injin 5.7 yana son matsakaicin fetur, oktan 89 a ma'aunin Amurka, kuma yana jure 87. Na 6.4 kuwa 91 yake buƙata. A lura, ma'aunin Amurka ba ɗaya yake da na Turai da sauran ƙasashe ba, 91 ɗinsu yana daidai da wajen 95 a ɗaya ma'aunin. Kai yara makaranta kuma shi ne tuƙin da ya fi kowanne shan mai: gajeriyar tafiya, inji bai gama ɗumama ba, tsaya-tafi, tsaya-tafi.

Ɗan Totur:
Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa.

Mai Lissafi:
Gaskiya ne, amma gara ya san girman hujin tun kafin ya biya.

Injiniya:
Bari in ƙara haske a kan oktan, don wasu na ɗauka ƙarfin mai ne. Ba ƙarfi ba ne, juriya ce. Injin da ke matse iska da mai sosai, in man ba ya jure matsi da zafi, sai wani ɓangarensa ya kama wuta da kansa ba a kan ƙa'ida ba, ka ji ƙwanƙwasa a ciki. Motar tana da kunnen da ke jin wannan, sai kwamfuta ta jinkirta tartsatsin fulogi don ta kare fistin. Sakamakon haka ƙarfi ya ragu, zafi ya ƙaru. Wato wanda ya zuba wa 6.4 ƙaramin mai, kuɗin doki 485 ya biya amma ba su yake hawa ba. In ka san ba za ka riƙa samun man da take so a kai a kai ba, to a nan ni ma na janye, ka ɗauki 5.7.

Oga Makanike:
Alhamdulillahi, Injiniya ya fara dawowa hanya. To Baban Ilham, ga abin da za ka yi, kowacce ka zaɓa.

Ka ce wa mai sayarwa kada ya tayar da ita kafin ka iso. Kana zuwa ka buɗe bonet ka taɓa injin. In da ɗumi, ka ce za ka dawo gobe da sassafe. Inji mai sanyi ba ya ƙarya. Waɗannan injinan da ake kira Hemi an san su da wata ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, masu irin motar sun daɗe suna tattauna ta. Iri biyu ce. Akwai wadda ke fitowa da sanyi ta ɓace in inji ya yi zafi, galibi kusoshin bakin salansa ne a jikin inji suka karye, iska na tsira. Wannan gyara ne mai sauƙi in aka kwatanta. Akwai kuma wadda ba ta ɓacewa, tana bin juyin inji, wani lokaci har da fitilar inji da rawar silinda ɗaya. Wannan tana iya zama ɗan abin da ke ɗaga bawul ne ya ƙafe ya fara cin sandar kam. In ka ji wannan, ka yi sallama ka kama hanya, sai an buɗe kan inji.

Abin da ke kare su shi ne baƙin mai daidai kuma a kan lokaci. Injinan biyu suna da dabarar kashe silinda huɗu in kana tafiya a hankali, kuma da matsin baƙin mai dabarar ke aiki. Shi ya sa ba a yi musu kauri-kauri. Na 5.7 a waɗannan shekarun 5W-20 littafinsa ya ce, na 6.4 kuwa 0W-40. Ka nemi takardun sabis. Mai motar da ya ce ya yi amma babu shaida, ka ɗauka bai yi ba. Fulogi ma 16 ne, biyu a kowace silinda, kada ranar canji ka ce an cuce ka.

Sannan ka duƙa ka kalli tayoyin baya. In na baya sababbi ne fil na gaba tsofaffi, ko ka ga ɓurɓushin roba ya manne a cikin kumatun baya, to an sha ƙona taya da ita. Motar da aka yi wasa da ita, giyabos da aksul sun ji jiki ko da fentinta na ƙyalli. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen jerin da ya fara da rubutun DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar da ta haura shekara shida, ko zanenta bai cinye ba, robar ta bushe.

Baban Ilham:
Oga, Allah ya saka da alheri, na kwafe duka. Giyar fa? An ce mini daga 2015 aka canja.

Oga Makanike:
Haka ne, masu silinda takwas daga 2015 suka koma giya takwas, ƙirar kamfanin ZF na Jamus. Irinta ce a cikin BMW da yawa, giya ce mai kyau. Kafin nan mai biyar ce ta Mercedes. A gwaji ka saurari shigarta daga ɗaya zuwa biyu a hankali, da lokacin da kake rage gudu za ka tsaya. Kada ta yi duka. Kuma kada ka yarda da zagayen minti biyar, sai mai ya yi zafi halinta ke fitowa.

Ɗan Jamus:
Tunda an ambaci Mercedes, ai nan gizo ke saƙa. Ƙashin motar nan tun zamanin auren Daimler da Chrysler ne, wanda aka ɗaura 1998 ya mutu 2007. An ɗebo dabarun ƙafafu daga tsofaffin E-Class da S-Class aka gina ta, ta fito a matsayin ƙirar 2006, aka yi mata kwaskwarima a 2011 da 2015, aka ci gaba da ƙera ta har Disambar 2023. Me zai sa mutum ya sayi jika alhali kaka na nan? Ka nemi BMW M5 ko Audi S8. M5 ta 2018 doki 600 ce kuma ƙafa huɗu ke ja, matsalar da Kawu ya faɗa ta ragu ke nan. Cikin motar ma ba a haɗawa, Charger roba ce ko'ina.

Oga Makanike:
Ɗan Jamus, ba wanda ya ce M5 ba mota ba ce. Amma injinta turbo biyu ne a cusa a tsakiyar kan inji, ga bututun ruwa da na'urori ko ta ina. Tsufan Charger da kake zagi shi ne rufin asirin mai ita. Inji ne mai sandar kam ɗaya, bawul biyu a silinda, babu turbo, an ƙera shi da yawa har a manyan motocin ɗaukar kaya na Ram, kayan gyaransa ba sa wuya. Mutumin da ke fitowa daga silinda huɗu ba a jefa shi cikin wannan kogin.

Ɗan Jamus:
Na yarda da batun gyara. Ban yarda da robar ba.

Injiniya:
A gefe guda, wadda na fi jin takaicin ɓacewarta ita ce Chevrolet SS. Kamfanin Holden ne ya ƙera ta a Ostareliya, aka sayar a Amurka daga 2014 zuwa 2017, inji 6.2 doki 415, har da mai giyar hannu. A ido kamar motar ma'aikacin ofis, a kwana kuwa ta fi Charger ladabi. Da aka rufe masana'antar a 2017 ta tafi ke nan. Ba a sayar da su da yawa ba, don haka ban ba mai iyali shawarar farautar kayan jikinta ba.

Shugaban Zaure:
Jama'a a dawo kan tambaya. Mutum ya ce biyu ya gani, kun kai shi Ostareliya.

Maman Sadik:
To bari in dawo da mu. Tsufan ƙashin nan yana da wani gefe da ya shafi yara. A gwajin karo na gwamnatin Amurka ta samu taurari biyar a jimla, amma cibiyar kamfanonin inshora, IIHS, tana da gwajin da ake buga gefen hancin mota kaɗai, kamar mutum ya daki turke da fitilar ɓangaren direba. A wannan Charger matakin da ke ƙasa da mai gamsarwa ta samu. Sannan birkin gaggawa mai kama kansa da na'urar gargaɗin motar da ke maƙale a gefe ba kowacce ke da su ba, zaɓi ne aka biya daban. Ka duba wacce cikin biyun ke da su. A wurina wannan ya fi doki ɗari.

Mai Lissafi:
Ƙari a kan haka, ka tambayi kamfanin inshora kafin ka biya, ba bayan ka biya ba. A Amurka rahoton masu inshora na 2023 ya sa Charger Hellcat a kan gaba cikin motocin da ɓarayi suka fi ɗauka, masu injin Hemi ma suna sama a jerin. Irin wannan suna yana bin mota har cikin takardar inshora.

Kawu Direba:
Bari in ba ku labari gajere. Shekarun baya wani maigidana ya sayi babbar mota mai turin baya, ba zan faɗi irinta ba. Ranar farko aka yi yayyafi, ba ruwan kirki ba, irin wanda ke taso da maiƙon kwalta. Na fito daga shataletale, na taka kamar yadda na saba taka tsohuwar, ba gudu nake ba wallahi, bai fi arba'in ba. Kafin in ce me, mun juya muna fuskantar masu bin mu. Allah ya tsare babu kowa kusa. Da na sauka na duba, tayoyin baya iri biyu ne daban-daban, ɗaya ta kusa sanƙo, kuma wani ya kashe maɓallin hana sulɓi. A lokacin na fi shekara ashirin a kan sitiyari. Ɗana, wannan maɓallin kada ka taɓa shi, ko wa ya ce maka motar ta fi daɗi in an kashe.

Ɗan Totur:
Kawu na ji, na kuma sauko daga kan Hellcat. Ko su kamfanin makulli biyu suka riƙa bayarwa da ita, ja da baƙi, baƙin yana tsayar da ita a doki 500. Amma dai Yaya, ka ji ƙarar 6.4 ɗin nan ai. Akwai abin da ba a lissafawa.

Baban Ilham:
Ƙanena, ba ka yi ƙarya ba, ƙarar ce ta kai ni. Zan koma jibi da yaran da wani bakanike da na yarda da shi.

Oga Makanike:
Ba girin-girin ba, ta yi mai. Abu ɗaya na manta, kuma ya fi duka sauƙi. Charger mota ce da ake yawan yi wa ado: a sayi mai ƙaramin inji, a canja bonet da bamba, a manna tambarin babba, a sa salansa mai ihu. Kama da wane ba wane ba ce. Ka karanta lambar shasi mai harufa 17 a ƙasan gilashin gaba, ka ƙirga zuwa na takwas. G silinda shida ce, T lita 5.7, J lita 6.4, lamba 9 kuma Hellcat. Ka tabbatar ta jikin ƙofa da ta takarda duk ɗaya ne. Da wannan lambar za ka ciro tarihinta, ko ta taɓa mummunan haɗari ko ambaliya, kuma shafin hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka zai nuna maka kyauta in akwai kiran gyara da ba a yi ba. Bakaniken naka ya zo da na'urar karanta kwamfuta. In ya ga an share bayanai kwanan nan, ka tambayi dalili. Sannan in ka ga sandar giya a jikin sitiyari da ramukan da aka toshe a rufi, tsohuwar motar 'yan sanda ce. Malejinsu kan yi kaɗan amma injin ya shafe dubban awoyi yana aiki a tsaye.

Baban Ilham:
Jama'a na dawo, ga yadda aka yi.

Scat Pack ɗin ta gaske ce, J na gani. Da sanyi ta yi 'yar ƙara ta ɓace cikin minti biyu, bakanike ya ce kusoshin salansa ne. Amma tayoyin baya sababbi ne na wani kamfani da ban taɓa jin sunansa ba, na gaba 2019 ne, kuma da ya sa hannu cikin kumatun baya sai ga roba cike da tafinsa. Faifan birkin gaba ya yi baki, yana kakkarwa in an taka daga gudu. Takardar sabis guda biyu kawai. Mai ita ya ce matarsa ce ke zuwa kasuwa da ita. Bakanike ya kalle ni, na kalle shi.

R/T ɗin shiru take, takardunta cikakku, tana da birkin gaggawa da na'urar gefe. Tayoyinta huɗu iri ɗaya ne amma sun kusa ƙarewa. Na tuƙa ta kusan minti arba'in. Gaskiya ko ita da na taka a miƙaƙƙiyar hanya sai da na ɗaga ƙafa da wuri, ban san haka doki 370 yake ba. Ilham ta ce kanta na taɓa rufi in ta jingina sosai, autan kuma ya ƙi zaman tsakiya, sai da aka yi sulhu.

Injiniya:
Wannan Scat Pack ɗin kam ko ni ba zan taɓa ta ba. Amma ina nan a kan bakata, da an samu mai tsafta ita ce motar da ta fi cika.

Oga Makanike:
In ka tsaya a R/T, ka sa a rage maka kuɗin taya huɗu daga farashin, ka ɗaura masu kyau tun kafin ka kai ta gida. A zubar da man birki a zuba sabo, yana shan danshi, kuma ba wanda ke tunawa da shi. A duba robobin ƙafafun gaba, nauyin injin nan yana gajiyar da su.

Maman Sadik:
Kan Ilham fa? Shekararta sha uku, ba ta gama tsawo ba.

Baban Ilham:
Shi ya sa ban biya ba tukuna. Bakaniken ya ce ya san inda wata 300 mai inji 5.7 take, ƙirar 2019, ranar Asabar za mu je da yaran gaba ɗaya. Oga, harafi na takwas ɗin nan haka yake a jikinta ita ma?

Oga Makanike:
Haka yake, T za ka nema. Kuma ka sake ce musu kada su tayar da ita kafin ka iso.